Ladislas Starevich: Mutumin da Ya Sa Matattun Ƙwari Wasan Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa jera 'yan tsana ko ƙananan motocin wasa a kan tebur, yana matsar da su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hotonsu da wayarsa har su fito kamar masu tafiya da kansu, to ya bi sawun wani dattijo da ya rasu tun 1965, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Na zaɓi in kawo wa mai karatu tarihinsa ne saboda shi ma ba a makarantar fim ya koya ba. Ɗan sha'awa ne kawai, kuma ƙwari ne suka tura shi cikin sana'ar.

An haifi Ladislas Starevich a birnin Mosko ranar 8 ga Agusta, 1882. Iyayensa 'yan asalin Poland ne, amma a Kovno ya tashi a hannun kakarsa. Wannan gari shi ne Kaunas na ƙasar Lituweniya a yau, a wancan lokaci kuwa yana ƙarƙashin daular Rasha. Tun yana yaro abubuwa biyu suka ɗauke masa hankali, wato zane da tara ƙwari, daga baya ya ƙara da ɗaukar hoto. A 1910 yana aiki da gidan adana halittu na Kovno, inda ya shiga ɗaukar gajerun finafinai na ilimi a kan rayuwar dabbobi.

A nan ne ya ci karo da matsalar da ta sauya masa rayuwa. Ya so ya ɗauki faɗan wasu ƙwari guda biyu, dangin buzuzu, masu manyan muƙamuƙai kamar ƙahon barewa. Su waɗannan ƙwari da dare suke harkarsu, kyamarar wancan zamani kuwa ba ta ɗauka sai da haske mai ƙarfi. Da zarar ya kunna fitilu sai su yi lakwas, babu faɗa babu motsi. Wani zai haƙura ya nemi wata dabbar. Shi kuwa sai ya ɗauko matattun ƙwarin, ya cire musu ƙafafu, ya maye gurbinsu da siririyar waya wadda ya liƙa da kaki. Ya riƙa lanƙwasa wayar kaɗan, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sake lanƙwasawa, ya sake ɗauka. Da aka jera hotunan aka haska su da majigi, sai ga matattun ƙwari suna kokawa. Ya sa wa fim ɗin sunan ƙwaron a harshen Latin, Lucanus Cervus.

Yana da kyau mai karatu ya san yawan aikin da ke cikin wannan dabara. Fim ba komai ba ne illa hotuna tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A zamanin fim marar magana ana wuce da kimanin hotuna 16 a daƙiƙa guda, da magana ta shigo aka tsayar da 24. Ke nan minti ɗaya kacal yana cin hotuna 1,440, kuma tsakanin kowane hoto da na gaba sai mutum ya sa hannu ya taɓa ƙafa, ya taɓa kai, ya taɓa fiffike. Idan gwiwar hannunsa ta bugi teburin, ko fitila ta gusa, aikin yini ya lalace.

Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin ba. Bafaranshen nan Emile Cohl ya riga ya sa ashana motsi a fim a 1908, kuma a 1995 aka gano cewa wani malamin rawa a Rasha, Aleksandr Shiryaev, ya yi finafinan 'yan tsana a gidansa tsakanin 1906 da 1909, sai dai bai fitar da su kasuwa ba. Abin da Starevich ya ƙara, a ganina, shi ne hali. Ƙwarinsa suna kishi, suna ƙarya, suna jin kunya.

A 1911 ya koma Mosko ya kama aiki da kamfanin fim na Aleksandr Khanzhonkov. A 1912 ya fitar da fim ɗin da za a iya fassara sunansa da Kyakkyawa Lukanida, kuma motsin ƙwarin ya yi kyau har wasu masu kallo a Turai suka ɗauka rayayyu ne aka horar. Amma wanda ni na fi so shi ne na ramuwar gayyar mai ɗaukar hoto, shi ma na 1912, mai tsawon kimanin minti 13. Labarin maigida Buzuzu ne da ya gaji da zaman gida, ya tafi gidan rawa, ya ƙwace wata mazari mai rawa daga hannun wani fara. Bai san faran nan mai ɗaukar fim ba ne. Fara ya hau kekensa da kyamara a baya, ya bi su har otal, ya ɗauke su ta kafar makulli. A gida kuma ita ma uwargida tana da nata, wani mai zane. Maigida ya dawo ya kama su, ya yi wa kwarton dukan tsiya, sannan ya nuna shi mai yafiya ne, ya kai matarsa silima. Ashe faran ne ke riƙe da majigi. Ya haska abin da ya ɗauka a gaban jama'a, uwargida ta rufe miji da duka da lema, rikici ya kai ga gobara, aka ƙare da mata da miji a gidan yari. Na kalle shi fiye da sau ɗaya, kuma abin da ke ba ni dariya kullum shi ne yadda faran ke taka keke da gaggawar mai zuciya a wuya. Fim ne mai shekara fiye da ɗari, ba don yara aka yi shi ba. Wani fim ɗin nasa, na fara da tururuwa, ya jawo masa lambar yabo daga Sarkin Rasha.

Juyin juya halin 1917 ya tarwatsa masana'antar fim ta Rasha. Starevich ya bi sauran 'yan fim zuwa Yalta, daga can ya ratsa ta Italiya, ya isa Faransa a 1920. A 1924 ya zauna a Fontenay-sous-Bois, wani gari a gefen Faris, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Gidansa shi ne masana'antarsa. Matarsa Anna ke ɗinka wa 'yan tsana tufafi, babbar 'yarsa Irene ta zama abokiyar aikinsa a rubutu da shiryawa, ƙaramar kuma, wadda aka sani da Nina Star, ita ce yarinyar da ke fitowa tare da 'yan tsanan a finafinai irin su Muryar Tsuntsu Mai Waƙa na 1923. A wannan lokaci ya bar matattun ƙwari ya koma ƙera 'yan tsana da waya da katako, fuskokinsu kuma da lallausar fata wadda zai iya ja ya saki, gira ta ɗaga, baki ya murɗe.

Babban aikinsa shi ne Le Roman de Renard, labarin wata dabba dangin dila wadda a tatsuniyoyin Turai take da matsayi irin na Gizo a namu: ta cuci kowa a fadar Zaki, kuma ta fita lafiya. Shi da Irene suka ɗauki hotunan cikin kimanin wata 18, daga 1929 zuwa 1930, fim mai tsawon fiye da awa guda. Sai kuma aka tsaya cik. Magana ta riga ta shigo fim, sanya murya da kiɗa na neman kuɗin da ba su samu ba, aikin ya yi shekaru a ajiye. Kafin ya fito, Aleksandr Ptushko ya fitar da nasa dogon fim na 'yan tsana a Tarayyar Sobiyet a 1935. Sai a watan Afrilu na 1937 aka haska na Starevich a Barlin, da muryoyin Jamusanci, a ƙarƙashin gwamnatin Nazi. Faransawa ba su gan shi da harshensu ba sai 1941, ana tsakiyar yaƙi. Duk da wannan jinkiri ya riga Snow White na Disney fitowa da wata takwas, amma duniya Disney ta sani. Ina ganin nan ne farashin aiki a gida ya bayyana: babu wanda ya isa ya gaya masa yadda zai motsa 'yar tsanarsa, haka kuma babu babban kamfani a bayansa da zai tura fim ɗin kasuwa a kan lokaci.

Yana cikin wannan jira ya yi Fetiche a 1933, wanda ya fi kusa da abin da matasa ke yi yau da kayan wasa. Wata uwa matalauciya tana ɗinka ɗan karen tsumma, hawayenta ya ɗiga a kansa, ya rayu. 'Yarta ba ta da lafiya, lemo kawai take so. Karen ya ratsa titunan Faris, ya faɗa taron shaiɗan da dare inda ƙasusuwan kifi da na kaji da tarkacen bola ke rawa, ya dawo wa yarinyar da lemon. A nan ya haɗa 'yan tsana da hotunan titi na gaske, motoci na wucewa a bayansu. Haka kuma yakan motsa 'yar tsana daidai lokacin da kyamara ke ɗauka, don hoton ya ɗan dushe kamar yadda abu mai gudu ke dushewa a ido, dabarar da manyan kamfanonin Amurka suka dawo kanta da injina wajen 1980. Darakta Terry Gilliam ya sa Fetiche cikin finafinan motsi goma da ya fi so, kuma Wes Anderson ya ambaci Le Roman de Renard cikin abin da ya yi tasiri a fim ɗinsa Fantastic Mr. Fox na 2009.

Bayan yaƙi ya ci gaba da gajerun finafinai, yawanci na yara, wasu masu launi. Na ƙarshe da ya kammala ya fito a 1958. Ya rasu a Fontenay-sous-Bois ranar 26 ga Fabrairu, 1965, yana da shekara 82, yana tsakiyar wani fim a kan kare da kyanwa wanda bai ƙarasa ba.