Dakta Paul Brand, likitan ƙashin da ya gano abin da ke guntule yatsun kutare

Idan a Katsina ka tashi, ka san Babbar Ruga, inda aka daɗe ana jinyar kutare kafin wurin ya koma cibiyar masu yoyon fitsari. Ƙila kuma tun kana yaro kake jin cewa kuturta ce ke cinye yatsu. Likitoci ma haka suka ɗauka, har sai da wani likitan ƙashi ya bar Ingila ya tafi aiki Indiya.

An haifi Paul Brand a 1914 a kudancin Indiya, iyayensa Turawan mishan ne. Yana ɗan shekara 9 aka tura shi Ingila karatu. A Landan ya karanta likitanci, hannunsa kuma ya faɗa a tiyata lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 ya kama aiki a asibitin koyarwa na Vellore.

Can ya tarar da kutaren da yatsunsu suka lanƙwashe, ba sa iya riƙe komai. Sai ya riƙa ɗauko jijiyar tsoka mai lafiya yana dasa ta inda ta shanye, hannu ya dawo aiki. Amma sai mutum ya tafi gida, ya dawo da sabon gyambo. Brand ya sa musu ido dare da rana. Ashe cutar jijiyoyin jin zafi take kashewa: mutum ya sauke tukunya daga murhu, ko ya taka ƙaya, bai ji ba, ciwon ya ruɓe har ya ci ƙashi. Wasu ma ɓeraye ne ke gaigayar yatsunsu suna barci, shi ya sa akan sallami majinyaci da kyanwa. Ya kuma sa aka ƙera musu takalma masu taushin ciki.

A 1966 ya sake ƙaura, zuwa asibitin kutare na Carville a Amurka, inda ya nuna cewa haka ƙafar mai ciwon suga ke lalacewa. Mu dai yanzu a asibiti wannan muka fi gani. In likita ya ce ka duba tafin ƙafarka kowace rana, ka zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka yi tafiya ba takalmi ko da zuwa masallacin ƙofar gida ne, kar ka ɗauka fitina ce. Daga aikin Brand aka samo.

Ya rasu a Seattle ta Amurka a Yulin 2003, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 89.