Tarihin Marigayi Farfesa Kristian Birkeland

A can arewacin ƙasar Norwe akwai wani haske kore da ja da kan yi ta rawa a sararin sama da dare. Mutumin da ya sa rayuwarsa wajen neman asalin wannan haske shi ne Kristian Birkeland, wanda aka haifa ran 13 ga Disamba 1867 a birnin da yanzu ake kira Oslo.

A hunturun 1899 zuwa 1900 ya tare a bisa dutsen Haldde da mataimakansa, cikin duhu da ƙanƙara, suna auna yadda allurar maganaɗisu ke karkata in hasken ya bayyana. Har ya ƙera 'yar ƙwallo mai maganaɗisu a madadin duniya, ya sa ta cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya harba mata lantarki, sai ga zoben haske a ƙuryoyinta biyu. A 1908 ya bayyana cewa ƙwayoyin lantarki ne daga rana ke bin hanyoyin maganaɗisun duniya suna sauka. Kuɗin wannan aiki kuwa, da yawansu daga takin zamani suka fito, gama shi da Sam Eyde suka gano dabarar yin taki daga iska.

To, amma fa masu karatu, daga ƙasa ya yi awonsa, abin da yake magana a kai kuwa yana can sama inda ba mai iya zuwa. Don haka manyan masana, musamman Sydney Chapman na Ingila, suka ƙi yarda. Ya rasu shi kaɗai a wani masauki a Tokiyo ran 15 ga Yuni 1917, bai cika shekara 50 ba.

Sai a 1967 aka gane cewa awon wani tauraron ɗan'adam na sojan ruwan Amurka ya gaskata shi. Yanzu akan aika taurari cikin wannan siririyar iska mai lantarki, wadda ake kira filasma, su miƙa dogayen wayoyi masu ƙwallo a baki. Bambancin ƙarfin lantarki tsakanin ƙwallo biyu, in an raba shi da nisansu, shi ne awon. Taurari huɗu na Cluster da aka harba a 2000 haka suka yi, da wayoyi masu faɗin mita 88. Igiyoyin lantarkin da ya faɗa kuwa, sunansa ake kiransu da shi, har a duniyar Jufita.