Marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi: Ritayar Da Ba Ta Zama Hutu Ba

A duk shekara muna ganin 'yan'uwanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu suna ajiye aikin gwamnati, wasu su koma gida su rufe ƙofa, ilimin da suka tara ya tafi kabari tare da su. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani ɗan ƙasar Zamfara, marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi a garin Gummi a farkon shekarun 1920, a gidan alƙalanci. Ya yi Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Shari'a ta Kano. A shekarar 1949 ya zo koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bungudu, inda ya zauna tare da Malam Aminu Kano. Daga baya ya ƙaro ilimi a Sudan, ya yi wa alhazan Nijeriya hidima a Jidda, kuma a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. A wannan shekarar ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam, yana cikin jigoginta.

Abin lura shi ne, tun yana kan kujera yake karantar da jama'a a masallacin Sultan Bello na Kaduna, gidan rediyon Kaduna yana yaɗa tafsirinsa. Amma lokacin nan aikin kotu ne ke cin mafi yawan yininsa. Da ya sauka a tsakiyar shekarun 1970, sai karantarwa ta zama ita ce aikinsa. Gidansa ya kasance matattarar ɗalibai da masu neman fatawa da mabuƙata. A 1979 aka buga tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, wadda ta shiga gidajen da ba a jin Larabci. A 1987 aka ba shi lambar Sarki Faisal saboda hidima ga Musulunci. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992.

Malamai sun saɓa da shi a kan wasu ra'ayoyinsa, kuma wannan fage ne nasu. Abin da ya shafe mu shi ne, hidimar da ya yi bayan ritaya tun yana aiki ya dasa ta. Wanda bai saba da jama'a yana ofis ba, da wuya ya iya su bayan ya miƙa makulli.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatanmu da su fara tun yanzu. Malamin makaranta ya ware yamma ɗaya don yaran unguwa, malamin asibiti ya riƙa leƙa asibitin ƙauyensu, akawu ya riƙe wa wannan ƙungiya littafin kuɗi. Waɗanda kuma suka riga suka ajiye aiki, ƙofar kwamitocinmu a buɗe take gare su. Allah Ya sa mu gama lafiya, amin.