Dimitri Shostakobich, mawallafin kiɗan da aka buga a birnin da yunwa ta ci

An haifi Dimitri Shostakobich a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha ranar 25 ga Satumba 1906. Mahaifiyarsa ce ta fara koya masa fiyano. Yana da shekara 19 aka buga simfoninsa na farko, wato irin dogon kiɗan nan da ake rubutawa a takarda, taron makaɗa masu goge da sarewa da kakaki da ganguna su buga tare. Daga nan sunansa ya fita duniya.

Ɗaukakar ta zo da haɗari. A 1936 jaridar Pravda ta yi kaca-kaca da wani wasan waƙa nasa bayan Stalin ya kalle shi bai ji daɗinsa ba, a zamanin da irin wannan suka ke kai mutum kurkuku ko kabari. Simfoninsa na biyar, a 1937, shi ya ɗan wanke shi a wurin hukuma.

Da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941, ya nemi shiga soja, aka ƙi ɗaukarsa saboda raunin gani. Sai ya shiga 'yan kwana-kwana, yana gadin rufin makarantar kiɗa ta birninsu, wanda lokacin ake kira Leningrad. A nan ya fara simfoni na bakwai. Ya rubuta babi uku cikin huɗu, ana ruwan bama-bamai, kafin a kwashe shi da iyalinsa a watan Oktoba. Ya kammala a Kuibishef a watan Disamba, can kuma aka fara buga shi ranar 5 ga Maris 1942. Aka ɗauki hoton takardun a ɗan ƙaramin fim, aka bi da shi ta Tehran da Alƙahira zuwa Ingila da Amurka.

Amma bugun da ba a mantawa da shi na Leningrad ne. Sojojin Jamus sun yi wa birnin ƙawanya, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. Da madugun makaɗan gidan rediyo, Karl Eliasberg, ya kira gwaji, kimanin mutum 15 ne kawai suka iya zuwa, wasu ko numfashin busa ba su da shi. Aka ƙara musu abinci, aka ciko gurbi da sojojin da suka iya kiɗa. Ranar 9 ga Agusta 1942, bayan an yi wa sansanonin Jamus luguden igwa don su yi shiru, aka buga kiɗan, lasifika suna kai shi tituna har bakin daga.

Wannan bai hana hukuma sake tsine wa ayyukansa a 1948 ba. Ya ci gaba da rubutu har simfoni 15. Ya rasu a Mosko ranar 9 ga Agusta 1975, shekara 33 cif bayan wancan dare.