Walther Flemming: Likitan Da Ya Rina Ƙwayar Halitta (1843-1905)

A yau duk wanda ya tashi neman aure a Birnin Kebbi ko Argungu, da wuya a gama magana ba a ambaci gwajin jini ba, saboda tsoron amosanin jini, watau sikila. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwayar gadon da ke haddasa wannan ciwo tana zaune ne a kan wani zare da ake kira kuromosom na 11. Wannan maƙala za ta duba rayuwar mutumin da ya fara bayyana wa duniya yadda waɗannan zaruruwa suke rabuwa.

An haifi Walther Flemming ranar 21 ga Afrilu, 1843, a Sachsenberg kusa da garin Schwerin a ƙasar Jamus. Mahaifinsa likitan masu taɓin hankali ne. Ya yi karatun likita, ya kammala a Jami'ar Rostock a 1868, ya kuma yi aikin likitan soja a yaƙin da aka gwabza tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870 zuwa 1871. Daga nan ya koyar a Prague. A 1876 aka ba shi kujerar farfesan ilmin sassan jiki a Jami'ar Kiel, kuma a can ya ƙare rayuwarsa.

Matsalar da ta addabi masana a zamaninsa ita ce, ƙwayar halitta garau take kamar ruwa. Ko an sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba a ganin abin kirki a cikinta, sannan da an yanko ta daga jiki sai ta fara lalacewa. Dabarar Flemming ba za ta yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, domin jima ce da rini. Kamar yadda majemi yake tsare fata da bagaruwa don kada ta ruɓe, haka ya haɗa wani ruwa mai sinadarai uku wanda yake daskarar da ƙwayar a halin da ya same ta. Har yau da sunansa ake kiran wannan ruwa. Sa'an nan ya ɗauko sababbin launukan anilin, waɗanda masana'antu suka ƙirƙiro don rina tufafi, ya rina ta da su. Sai ga wani abu a cibiyar ƙwayar ya sha rini fiye da sauran sassa, kamar yadda wani zare yake kama baba a marina wani kuwa ya ƙi. A 1879 ya raɗa masa suna kuromatin, daga kalmar Girkanci mai nufin launi.

Ya kuma iya zaɓen abin gwaji. Ya yi amfani da 'ya'yan salamanda, wata dabba dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare, saboda ƙwayoyinta manya ne. A nan ne haƙurinsa ya fito fili. Ƙwayar da aka rina matacciya ce, ba ta motsi, don haka sai ya riƙa zana abin da ya gani da hannu, yana jera zanen daki-daki, yana kuma gwada su da abin da yake iya hangowa a rayayyun ƙwayoyi, har ya gane abin da ke gaba da abin da ke biye. Kuromatin yakan dunƙule ya zama zaruruwa, su jeru a tsakiya, sa'an nan su rabu gida biyu. Muhimmin abin da ya lura da shi kuwa shi ne, kowane zare tsagewa yake yi ta tsawonsa, ba gutsurewa ta tsakiya ba. Wannan ne ya buɗe hanyar gane yadda kowace sabuwar ƙwaya take samun cikakken rabonta. Ya kira wannan aiki maitosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zare, ya kuma tattara bincikensa a littafin da ya wallafa a 1882. Sunan kuromosom ba nasa ba ne, Wilhelm Waldeyer ne ya kawo shi a 1888.

Abin mamaki, Flemming bai san aikin Gregor Mendel a kan gado ba, alhali tun 1866 aka buga shi. Saboda haka ya ga zaren, amma bai danganta shi da gadon kamanni ba. Sai a 1902 zuwa 1903 Walter Sutton da Theodor Boveri suka haɗa biyun. A ganina wannan bai rage masa daraja ba, domin da bai nuna zaren ba, da ba su sami abin haɗawa ba. Ƙidayar zaruruwan ɗan Adam ma ta gagare shi, ta kuma gagari na bayansa. An daɗe ana cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar da 46.

Wani ciwon jijiyoyi ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, har ya tilasta masa ajiye aiki. Ya mutu a Kiel ranar 4 ga Agusta, 1905, yana da shekara 62.