Richard Hamming: Mutumin da haushi ya sa ya koya wa kwamfuta gyara kuskurenta

Ka san yadda ake ji in ka bar waya tana sauke fim cikin dare, da safe ka tarar ta tsaya a rabi? To irin wannan haushin ne ya kama wani masanin lissafi ɗan Amurka a 1947, sai dai shi bai tsaya ga tsaki ba.

Sunansa Richard Hamming. An haife shi a birnin Chicago ranar 11 ga Fabrairu, 1915. Injiniya ya so zama, amma jami'ar da ta ba shi tallafin karatu ba ta koyar da aikin injiniya, sai ya rungumi lissafi har ya yi digirin digirgir a 1942. A 1945 ya je Los Alamos, inda ake haɗa bam ɗin nukiliya na farko, yana kula da injinan lissafi. Shekara ɗaya bayan nan ya koma Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho.

Kwamfutar da ya tarar a can ba irin wadda ka sani ba ce. Ɗaki guda take cikewa, cikinta dubban makunnai ne masu buɗewa da rufewa da lantarki, kuma ba a rasa wanda zai saɓa a cikinsu. Na'urar tana iya gane cewa an samu kuskure. In ranar aiki ce sai ma'aikata su zo su duba. Amma ƙarshen mako babu kowa, don haka sai ta watsar da aikin ta kama na gaba. Shi kuwa Hamming ba babba ba ne a wurin, ƙarshen mako yake samun layi. Mako biyu a jere yana zuwa Litinin ya tarar babu komai. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, na'urar da ta san akwai kuskure, me zai hana ta faɗi inda yake, ta kuma gyara?

Ga dabarar, ka bi ni a hankali don nan daɗin yake. Kwamfuta da 0 da 1 kawai take magana. Ka ɗauka akwai gurbi bakwai a jere, daga 1 zuwa 7. Ka sa masu gadi uku. Na farko yana lura da gurbi na 1, 3, 5 da 7. Na biyu yana lura da 2, 3, 6 da 7. Na uku kuma 4, 5, 6 da 7. Tun farko an tsara saƙon yadda adadin 1 a rukunin kowanne zai rabu biyu daidai. In lamba ɗaya ta juye a hanya, duk mai gadin da take rukuninsa zai yi ƙara. Yanzu ka ba na farko maki 1, na biyu 2, na uku 4. In na farko da na uku suka yi ƙara, 1 da 4 biyar ke nan, matsalar tana gurbi na 5. Tunda ko 0 ne ko 1, gyaran bai wuce a juya ta ba. Gwada da biro ka gani, kowane gurbi da masu ƙararsa daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne arhar tsarin. Kowace tambaya da ka ƙara tana ninka faɗin wurin da za ka iya bincikewa. Tambaya uku ta isa gurbi bakwai, goma ta isa sama da dubu, ashirin ta isa sama da miliyan. Babu buƙatar bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura a yashi.

Tana da iyaka fa. In lambobi biyu suka juye lokaci guda, masu gadin za su nuna gurbin da bai ji ba bai gani ba. Hamming ya san da haka, ya ƙara mai gadi ɗaya da ke lura da duka saƙon, wanda zai sa a gane kuskuren biyu ne ko da ba za a iya gyarawa ba. Ya wallafa aikin a 1950, kuma har yau irin wannan tsarin ne ke gadin ma'adanar manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan intanet, inda ake haɗa lambobin gadi 8 da kowane lambobin saƙo 64.

A 1968 aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin kwamfuta. A 1976 ya bar Bell Labs ya koma koyarwa a makarantar sojan ruwa da ke Monterey a jihar Kalifoniya. Yana shiga aji har Disamban 1997, ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 7 ga Janairu, 1998, yana da shekara 82.