Roald Dahl: Marubucin da Ya Gina Masana'antar Alewar Siddabaru

A cikin littattafan yara da aka rubuta a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai labarin Charlie da masana'antar cakulan shahara. A wannan labari akwai alewar da za a yi ta tsotsa har abada ba ta ƙarewa, da cingam da ke maye gurbin cikakken abinci tun daga miya har nama, da kogin narkakken cakulan da ke gudana a tsakiyar masana'anta. Mutumin da ya ƙago waɗannan abubuwa, Roald Dahl, daga rayuwarsa ya tsinto yawancinsu, kuma tarihinsa ya nuna cewa alewar cikin labari ma tana da waɗanda suka sha wahalarta.

An haife shi ranar 13 ga Satumba, 1916, a Llandaff kusa da birnin Kadif na yankin Wales, iyayensa 'yan asalin ƙasar Nowe ne. A 1920 yayarsa Astri ta rasu tana da shekara bakwai, bayan 'yan makonni mahaifinsa ya bi ta. Mahaifiyarsa ta zaɓi zama a Birtaniya domin 'ya'yanta su yi karatu a makarantun Ingila, kamar yadda mijinta ya yi buri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin makarantar firamare a Keffi ko Kano, ya ga yara sun kewaye mai tallan alewar madara da tsami-gaye, zai gane halin Dahl yana yaro. Akwai wani shagon alewa a kan hanyarsu ta makaranta, wanda mai shi ba ta ga-maciji da yara. Shi da abokansa suka jefa mataccen ɓera cikin kwalbar alewarta, shugaban makaranta kuma ya zane su da bulala. Ya ba da wannan labari a littafin tarihin yarintarsa da ya fito a 1984.

A makarantar kwana ta Repton ya gamu da abin da ya zama tushen littafinsa. Kamfanin Cadbury yakan aiko wa ɗalibai akwatunan sabbin nau'o'in cakulan su ɗanɗana, su ba kowanne maki. A nan ya fara tunanin cewa lallai akwai wani ɗaki a masana'anta inda manyan mutane ba su da aiki sai ƙirƙirar alewa. A wancan zamani gasa ta yi tsanani tsakanin Cadbury da Rowntree, har kowanne yana tsoron 'yan leƙen asirin ɗaya. Shi ya sa a cikin labarin, Willy Wonka ya kori ma'aikatansa ya rufe ƙofa saboda masu satar sirrinsa.

Da ya bar makaranta a 1934 bai shiga jami'a ba, sai ya kama aiki da kamfanin mai na Shell, wanda ya tura shi Darussalam ta ƙasar Tanganyika a 1938. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga rundunar sojan sama a Nairobi. A watan Satumban 1940 jirginsa ya faɗi a hamadar Arewacin Afirka, ya samu mummunan rauni a ka. A 1942 aka naɗa shi mataimakin jami'in sojan sama a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Washinton, inda ya riƙa cuɗanya da manyan Amurka yana kai wa gwamnatinsa rahoto. A wannan ofishi ya fara rubutu, bayan marubuci C. S. Forester ya nemi ya ba shi labarin faɗuwar jirginsa.

Littafin cakulan ya zo ne a lokacin baƙin ciki. A Disambar 1960 wata tasi ta buge keken jaririnsa Theo a birnin Niyok, ruwa ya taru a kan yaron. Dahl ya haɗa kai da injiniya Stanley Wade da likita Kenneth Till suka ƙera wata 'yar na'urar zuƙe ruwan, wadda daga baya aka yi wa wasu yara amfani da ita. A Nuwamban 1962 'yarsa Olivia ta rasu da cutar ƙyanda tana da shekara bakwai, abin da ya sa daga baya ya rubuta wa iyaye buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙonsu su kai 'ya'yansu rigakafi. Littafin ya fito a Amurka a 1964, ya sadaukar da shi ga Theo.

Jarumin labarin, Charlie Bucket, ɗan talakawa ne da gidansu ke rayuwa da romon kabeji, sau ɗaya tak a shekara yake samun cakulan, ranar zagayowar haihuwarsa. Masu karatu a Birtaniya sun san irin wannan kwaɗayi, domin daga 1942 zuwa 1953 gwamnati ce ke ƙayyade wa kowa alewar da zai saya. Yara biyar suka tsinci tikitin zinare na shiga masana'antar, huɗu daga cikinsu haɗama da rashin kunya suka jefa su cikin masifa, Charlie mai haƙuri kuma ya gaji masana'antar baki ɗaya.

Sai dai akwai wurin da mai karatu ɗan Afirka zai tsaya ya yi tambaya. A bugun farko, ma'aikatan da suka maye gurbin waɗanda aka kora, wato Oompa-Loompa, gajerun mutane ne baƙar fata da Wonka ya kwaso daga dazukan Afirka cikin akwatuna, yana biyansu da ƙwayar koko maimakon kuɗi. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka, NAACP, ta ce wannan hoton bauta ne. Fim ɗin 1971 ya sauya musu launin fata, a 1973 kuma Dahl ya gyara littafin, ya mai da su mutanen wata ƙasa ta ƙage.

Wannan suka tana da tushe a tarihi. A 1909 Cadbury ya daina sayen kokon tsibirin Sao Tome bayan an bankaɗo aikin tilas a gonakinsa, ya karkata zuwa ƙasar da yanzu ake kira Gana. A 1965, shekara guda bayan fitar littafin, aka kammala ginin Cocoa House a Ibadan da kuɗin manoman koko. Har yau Kwadebuwa da Gana ne ke samar da kimanin rabin kokon duniya, Najeriya ma tana cikin manyan masu nomansa, amma galibin ribar cakulan a Turai da Amurka take sauka. Ga masu tsara manufofin noma da ciniki a Abuja, wannan ɓangare na labarin ya fi kogin cakulan muhimmanci.

Dahl mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Kalaman ƙin Yahudawa da ya furta a wata hira a 1983 sun ɓata masa suna, har iyalansa suka nemi afuwa a 2020. Ya rasu a Oksfod ranar 23 ga Nuwamba, 1990, yana da shekara 74, aka binne shi a ƙauyen Great Missenden inda ya yi yawancin rubuce-rubucensa. A cikin kayan da ya bari a ɗakin rubutunsa akwai wani dunƙule mai nauyi da ya nannaɗa da takardun cakulan ɗin da yake ci bayan abincin rana, tun yana ƙaramin ma'aikacin Shell a Landan. A 2021 kamfanin Netflix ya sayi kamfanin da ke riƙe da haƙƙin littattafansa.